Ranar da Na Kare Nijeriya a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a ƙasar Nijar ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Na yi. Sai dai duk sanda na ji ƙamshin shayin nan mai ɗaci da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, sai in ga kaina zaune a kan tabarma, na naɗe hannun riga, ina ta zuba kamar an kunna rediyo. Ita ce fitata ta farko zuwa ƙasar waje, kuma a cikinta na yi wa kaina abin da maƙiyi ma zai ji nauyin yi min.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da aka aika. Ni malamin makaranta ne a Jega, darasin gwamnati nake koyarwa a sakandare. Amma ba da wannan aka san ni ba. A majalisarmu ta bakin kasuwa Mai Sharhi ake ce min (da farko tsokana ce, ni kuwa na karɓe ta hannu bibbiyu kamar an naɗa ni sarauta). Babu labaran rediyon da ke wuce ni. In an cire tallafin mai, ni ne mai bayani. In taki ya yi tsada, ni ne. In an yi zaɓe a ƙasar da ko a taswira ba zan iya nuna ta ba, ni zan gaya muku wanda aka yi wa maguɗi. Kuma ku riƙe wannan da kyau, don za ku buƙace shi nan gaba: duk Jega babu wanda ya kai ni caccakar gwamnatin ƙasarmu. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki, ni ne na miƙe tsaye a majalisa na ce wannan zalunci ne tsagwaronsa, an kama talaka ana duka a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Har tafi aka yi min, mai shayi ya ƙara min madara.

A cikin wannan rufewar yayata ta rasu. Yaya Kulu ke nan, wadda ta goya ni. Tana aure a wani ƙauye tsakanin iyaka da Dogon Dutsi, a gidan Isuhu ɗan Alhaji Mu'azu. Shi Alhaji Mu'azu aminin marigayi babanmu ne tun suna haɗuwa a kasuwar albasa ta Aliero, zumuncin ne ya kai ga aure. Waya kawai aka bugo mana, aka ce haihuwa ce ta zo da gardama, ita da abin da ke cikin duk Allah ya karɓi abinsa. Ba mu samu jana'iza ba, ba mu samu zaman makoki ba. Namiji zai iya bi ta daji a kan babur, amma lokacin kowa maganar yaƙi yake, Inna mahaifiyarmu ta ce ba ta yarda ta rasa biyu ba. A gidanmu na Maiyama muka shimfiɗa tabarmi muka karɓi gaisuwa, babu gawa, babu kabarin da za mu je mu tsaya a kai.

Yaya Kulu ta bar ɗiya ɗaya mai sunan Inna, ana ce mata Ummi, ko makaranta ba ta isa shiga ba. Tun daga ranar Inna ba ta da wata magana sai ta Ummi. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, abinci sai an tsare ta. In ka je gaishe ta, kafin ka gama zama za ta ce, "A roƙo min ɗiyar Kulu in riƙa, ko na samu abin dubawa." Mun san ba haƙƙinmu ba ne. Ɗa na gidan ubansa ne, sai dai a roƙa, in an ga dama a ba ka riƙo. To wannan roƙon shi ne duk abin da ya fitar da mu daga gida, da abubuwa suka lafa aka buɗe hanya: mu yi ta'aziyya, mu ga kabari, mu dawo wa Inna da Ummi.

Baffa Ummaru aka ɗora wa tafiyar, ƙanin babanmu, manomin albasa a Jiga Birni. Mutum ne da za ku wuni tare ba ka ji muryarsa ba sai a salla. Shi bai so tafiya da ni ba, Inna ce ta matsa. Ta ce, "Tahi da Auta, shi ya yi boko. Ko an tare ku ga hanya shi iya musu magana." Baffa ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To, mu tahi. Amma ka san aikinka. In anka yi addu'a ka ce amin, in anka kawo abinci ka ci. Magana tawa ce." Na ce, "Haba Baffa, sai ka ce yaro." (Da ma yaron aka aika, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba.)

Ni fa shiri na yi na gaske. Na sa shaddata ta salla, na maƙala biro a aljihun gaba, na haddace gaisuwar Faransanci daga wayar wani ɗalibina. Muka bi ta Birnin Kebbi da Argungu muka nufi iyaka. A iyakar babu wanda ya nemi ra'ayina a kan komai. Jandarma ya duba katinmu, ya ce mu sauka lafiya, da Hausar da ta fi tawa daɗi. Muka shiga ƙasar wajen, sai ga gero irin namu, jakuna irin namu, mata na daka irin na gidanmu, har Hausarsu ta fi kusa da tamu a kan ta mutanen Kano. Gaskiya na ɗan ji haushi. Na so a ce da na dawo majalisa ina da abin ba da labari.

An karɓe mu karɓa ta mutunci. Alhaji Mu'azu da kansa ya fito ya rungume Baffa, tsofaffin nan biyu suka tsaya suna share ido da bakin rawani. Aka yi addu'a, na ce amin. Isuhu ya kai mu maƙabarta ya nuna mana kabarin, ya koma gefe ya tsuguna. Da muka dawo aka fito da Ummi. Wallahi goshin nan da 'yar wushiryar nan duk na Yaya Kulu ne. Ta ɓuya a bayan gwaggonta tana leƙe. Baffa ya miƙa mata ƙullin dakuwar da Inna ta aiko, a hankali ta matso, kafin la'asar tana kan cinyata tana ƙoƙarin zare biron aljihuna. Aka ce mata, "Kawunki ne, ƙanen mamarki." Ta ce, "Kawu." Na juya kai gefe don kar maza su ga idona.

Bayan la'asar Baffa ya kawo maganar, a taƙaice kamar yadda ya saba. Ya ce tsohuwa tana can ba ci ba sha, ta aiko a roƙa mata arziki, in da hali. Alhaji Mu'azu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ummaru, ɗiya taku ce. Ni ma na yi wanga tunani. Kakarta ta nan ta riga mu gidan gaskiya, Isuhu kullum yana bisa hanya, gwaggonta kuwa nata ɗiyan sun ishe ta. Ku kwana. Da sahe in kira ƙannena mu zauna, don kar a ce ni ɗaya na yanke." Da muka keɓe Baffa ya ce min, "An gama, in Allah ya so. Zaman gobe na fita haƙƙi ne." Kafin magariba na hango 'yan rigunan Ummi an wanke an shanya a kan danga. Mata ba sa wanke kayan yaro gaba ɗaya haka sai in tafiya ce.

To, ga safiyar.

Bayan an karya kumallo aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya a ƙofar gida, ana jiran ƙannen Alhaji su iso. Mai dafa shayi shi ne Lawali, ƙanin Isuhu, wanda ya yi karatu a Yamai. Tun kallon farko na gane irina ne, shi ne Mai Sharhin garinsu. Kuma tsakanina da shi akwai wasa, ƙanin miji da ƙanin mata, ba wanda zai ga laifinsa in ya tsokane ni. Yana fifita gawayi ya ce, "Malam, ina labarin babbar yaya Nijeriya? An ce yanzu nairarku in ta hango sefa sai ta canza hanya." Aka yi dariya. Baffa ma ya murmusa.

Amsar wannan ai dariya ce. In ka so ka ƙara da cewa, "Ai sai addu'a," a wuce wurin. Ni da bakina na faɗi abin da ya fi wannan muni a kan naira, a Jega, a gaban jama'a, ba sau ɗaya ba. Amma ban san me ya shige ni ba. Maganar da nake yi kullum a gida, da na ji ta a bakin wani, a wata ƙasa, sai ta zame min zagi. Na gyara zama, na ce, "Lawali, ai tattalin arziki ba a fahimtarsa a bakin murhu."

Daga nan na ɓalle. Kafin a gama zagayen shayi na farko, mai ɗacin, na riga na wanke gwamnatinmu tas. Na ce cire tallafin mai magani ne, dole a sha ɗaci kafin a warke (ni da na jingine babur ɗina na koma zuwa makaranta a ƙafa, ina tsine wa wanda ya kawo shawarar). Na ce tsadar taki ta duniya ce gaba ɗaya. A nan Baffa ya ɗago ya kalle ni, don a gabansa na taɓa rantsuwa cewa 'yan siyasa ne ke karkatar da shi. Na ce mu dai ko ba komai ƙuri'a muke jefawa, ba da bindiga ake hawa kujera a wurinmu ba. Ni ɗin nan da na ce ƙuri'ar Jega taliya da sabulu ke sayenta! Lawali ya ce su dai sun kori Faransawa sun huta. Na ce, "Kun kori wani Bature kun kawo wani, ina hutun?" Baffa ya yi tari. Na ɗauka shayin ne ya sarƙe shi, har sannu na yi masa.

Mutane suka fara taruwa. Masu wucewa gona suka tsaya da fartanya a kafaɗa. Ni kuwa in na ga taro kaina ƙara kumbura yake. Aka zo zagaye na biyu, na bar siyasar gida na tsallaka ta waje. Na bayyana musu yadda ƙasashe ke hulɗa, na ce ƙungiyar ƙasashen yankinmu tana da doka, wanda ya sa hannu dole ya bi. Na ce Nijeriya ce ke ɗauke da yankin nan a kafaɗa, wutar da kuke gani tamu ce, man da kuke sha namu ne. Baffa ya ce, "Malam, shayinka na hucewa." (Baffa bai taɓa ce min Malam ba sai ranar. Ko wannan bai farkar da ni ba.) Ya miƙo ƙafa ya take min ɗan yatsa. Na janye ƙafata na ba shi wuri, na ci gaba.

Ban lura da lokacin da Alhaji Mu'azu ya fito ya zauna da ƙannensa ba. Ko in ce na lura, sai na ƙara murya don su ma su amfana. Isuhu yana can bakin tabarma da Ummi a cinyarsa, an yi mata sabon kitso. Dariya ta daɗe da ɗaukewa, ni kuwa na fassara shirun da cewa hujja ce ta kama su.

Lawali ya ajiye buta. Yanzu babu wasa a fuskarsa. Ya ce, "To Malam, rufe iyaka da yanke wuta fa? Shi ma magani ne?"

Jama'a, a nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, a buɗe, har da iska. Abin da zan ce kawai shi ne abin da na faɗa a Jega aka yi min tafi. Gaskiyata ke nan, ita ce a zuciyata. Amma na riga na hau, kuma a gaban taro ban iya sauka ba. Na ɗaga yatsa na ce, "Jan kunne ne. Babba in ƙarami ya kauce dole ya ja masa kunne. Kuma don Allah a daina kururuta abin nan, wa ya taɓa mutuwa don an ɗauke wuta? Mu kullum a duhu muke kwana. Ku rubuta ku ajiye, ni darasin nan nake koyarwa: in aka sake yin abin da aka yi, gobe-goben nan za mu sake rufewa."

Za mu. Haka na ce. Kamar makullin iyakar yana aljihuna tare da biro.

Isuhu ya sauke Ummi, ya ce mata ta shiga wurin gwaggo. Sai da ya ga ta shige zaure sannan ya juyo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Malam, akwai abin da ba mu gaya muku ba, don kar Inna ta ji. Da naƙuda ta yi tsanani munka kai Kulu gidan likita. Anka ce sai an yi aiki, ga shi babu wuta, injin kuma babu mai. Munka sa ta mota munka nufi wajenku, don can ya fi kusa, can muka saba zuwa tun kakanni. Munka iske hanya rufe. Na roƙa, har ƙasa na durƙusa. Ban ga laifin masu tsaro ba, umarni anka ba su, na nan da na can. Munka juya neman wani gari. Ba mu kai ba."

Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Muna tsaye bakin iyaka tana ta cewa, ku kira Auta, shi ya san manya, shi sa a buɗe. Ban kira ka ba, Malam. Na san ba abin da kake iyawa."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunya na sani, na sha ta a rayuwa. Wannan ta wuce kunya. Na san watan da Yaya Kulu ta rasu, na san watan da aka rufe iyaka, kullum ina sharhi a kan ɗaya ina kuka a kan ɗaya, amma ko sau ɗaya kaina bai taɓa haɗa su wuri guda ba. Ni mai fassara wa mutane abin da ke faruwa a ƙasashen da ban taɓa gani ba. Kofin shayin yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Na buɗe baki (ƙwarai, na sake buɗe shi). Na ce, "Wallahi Alhaji, ba haka nake nufi ba. A gida ni ne kan gaba wajen sukar abin nan. Ku tambayi Baffa, har zalunci na ce." Lawali ya ce, "To wanne za mu ɗauka, Malam? Na gida ko na nan?" Karo na farko ke nan a rayuwata da aka yi min tambayar siyasa na rasa ta cewa.

Alhaji Mu'azu ya ɗaga wa Lawali hannu ya tsayar da shi. Ya juya wajen Baffa, ba wajena ba. Ya ce, "Ummaru, jiya na kwana da niyyar ba ku ɗiyar nan, Allah shi ne shaida, ƙannena ma ba su ƙi ba. Amma ɗanka mai ilimi ne, ya san abin da mu ba mu sani ba, kuma ya ce gobe ana iya sake rufewa. Kun ga yadda kunka kasa zuwa jana'izar ɗiyarku. In na ba ku Ummi anka rufe, ta yi ciwo, ubanta shi tsaya bakin iyaka shi sake durƙusawa? Ya yi sau ɗaya, ya isa. A bar ta nan. Gida naku ne, ku zo ku gan ta duk lokacin da gwamnatinku ta yarda."

Baffa ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya ce maganar yaro ce, a yi haƙuri, a dubi tsohuwa. Ɗaya daga ƙannen Alhaji ya ce, "Wanga ba yaro ba ne, malami ne." Isuhu dai bai ƙara cewa uffan ba, kuma kowa ya san in uba ya yi irin wannan shirun an rufe magana. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wanda ya zage ni. Lawali ya zuba zagaye na uku, mai zaƙin, ya miƙo min da hannu biyu kamar yadda ake yi wa baƙo. Na karɓa na sha. Da muka shiga sallama da mata, na ga dangar nan babu komai a kanta, an kwashe 'yan rigunan an mayar ɗaki. Ummi ta biyo mu har zaure tana cewa, "Kawu, biro." Na zare na ba ta. Shi ke nan abin da na iya yi mata a tafiyar gaba ɗaya.

Har da tsaraba suka haɗa mana, kilishi da dabino da turmin zane na Inna. Muka hau mota. Daga ƙauyen har iyaka, daga iyaka har Argungu, Baffa bai ce min ci kanka ba. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga hannu ya wanka min mari a gaban fasinjoji, ko na ji sauƙi. Sai da muka wuce Jega muka kama hanyar Maiyama sannan ya yi magana, idonsa na kan hanya. Ya ce, "Inna ba ta jin wagga magana daga bakina. Kai kuma, in ka kuskura ta san yadda Kulu ta cika, ban yahe maka ba." Na ce, "To, Baffa."

Muka iske Inna a tsakar gida, ta share ɗakinta ta sa sabuwar shimfiɗa a ƙaramin gado. Da muka yi sallama ba mu ta duba ba, bayanmu ta duba. Ta ɗan jira, ko akwai mai ƙaramar ƙafa da ta tsaya a zaure. Baffa ya zauna ya ce an gaishe ta, an karɓe mu da mutunci, kabari yana wuri mai kyau. Ya ce, "Ɗiya kuwa sun ce ta yi ƙanƙanta, a bari ta ƙara wayo." Inna ta jawo turmin zanen ta ɗora a cinya tana shafawa. Can ta ɗago ta dube ni, ta ga yadda idona ya yi ja, sai ta ce, "Kar ka sa wa ranka damuwa, Auta. Na san ka yi musu magana iyakar iyawarka. Allah shi yi ma albarka, shi ƙara wa bakin nan naka daraja."

Baffa ya ce amin. Ni na kasa.

Ummi tana can har yau. Ta shiga makaranta, in an haɗa mu a waya takan gaishe ni da Faransancin da na haddace ban samu wurin amfani da shi ba. Baffa ya sake komawa shi kaɗai, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi amsar da aka ba shi da farko. Inna gwiwoyinta ba sa ɗaukar doguwar mota, a waya take jin muryar takwararta, in an kashe ta ci gaba da riƙe wayar a hannu. Duk wanda ya zo gaishe ta kuma sai ta ba shi labarin yadda Auta ya je har Nijar ya tsaya mata. Ina zaune ake faɗa, ina sunkuyar da kai, mutane na cewa kawaici ne.

Kar ku zaci na daina sharhi. Ƙarya zan yi muku in na ce haka, har yanzu ina zuwa majalisa, har yanzu gwamnati na shan suka a bakina, ita kuwa ba ta san na taɓa ɓata mata ko na taɓa tare mata faɗa ba. Abin da dai na koya, da tsada, shi ne wannan: in ka tsallaka iyaka aka taɓa ƙasarka, ka sha shayinka ka yi dariya. Ƙasa tana da jakada, da ofis da mota, aikinsa ke nan kuma ana biyansa. Ummi kuwa kawu ɗaya gare ta, shi ne ya je ya kama aikin wani ya bar nasa.